Ranar da Na Ba Dogo Gadin Babur

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Danwarai gaida kakan matata ba. Ko na so in manta ma, surukaina ba za su bari ba.

Ni mutumin Jega ne, kuma a gidanmu ba a yi wa kakanni sunan wasa. Kakanmu malamin allo ne, Malam Babba muke ce masa, shi ma da murya ƙasa-ƙasa. Kakarmu kuwa Dada, don tana da jinin Fulani. Sai na tashi da tunanin ko'ina haka ne, duk abin da ka ji an kira tsoho da shi, to shi ɗin ne.

Lokacin da nake neman Saratu, ba ta da zance sai na Dogo. Dogo ya ce kaza, Dogo ya hana kaza. Ta ce kakanta ne na wajen uba, kuma a gidansu ba a ba da 'ya sai ya ga mutum ya ce ya yi masa. Akwai wani ɗan Maiyama da ya riga ni zuwa, kallo ɗaya Dogo ya yi masa ya ce a ba shi ruwa ya kama hanya. Na ce a raina, ni malamin makaranta guda, gaisuwa ce za ta gagare ni? (Ban tambaye ta kamanninsa ba. Me zan tambaya? Ai sunan ya gama bayani.)

Ranar na sha shadda, na kafa hula, na ƙwama baƙin tabarau, na hau babur. Lokacin cirar albasa ne, na tarar da dattawa zaune a rumfar ƙofar gida, ga buhuna jibge. A gefe kuma wani ɗan tsurut ɗin tsoho ne zaune a kan kifaffen turmi yana murza igiya, ƙafafunsa da ƙyar suke taɓa ƙasa. A gabansa na kafe babur.

Na ce, "Baba, don Allah sa min ido a kan babur ɗin nan, zan gaida Dogo."

Ya ɗago ya dube ni. "Dogo kaka nema? Halan ka san shi?"

"Sosai ma," in ji ni. (Har yau ban san abin da ya kai ni wannan ƙarya ba.)

"To tahi, ga su can. Babur kam ba mai taɓa shi."

Har tabarau na cire na ba shi ajiya, wai kada a ce ba ni da ladabi.

A rumfa ban sha wahala ba. Akwai wani dattijo mai farin gemu, a zaune ma ya fi kowa tsawo. Na tuɓe takalmi, na zube gwiwa biyu a gabansa, na ɗaga murya yadda kowa zai shaida tarbiyyata.

"Ranka ya daɗe, Alhaji Dogo! Barka da hutawa!"

Dattijon ya waiga bayansa, ya sake dubana. "Yaro, ni baƙo na kamar kai. Albasa tak kawo ni daga Aliero."

Mai hankali da nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na ce, "To ina Dogon yake?"

Daga cikin zaure na ji mata sun tuntsire da dariya. Wani mutum, wanda daga baya na gane mahaifin Saratu ne, ya matso kusa da kunnena. "Wanga suna na jikoki na, su kaɗai. Mu ɗiyanai ko da wasa ba mu hwaɗin shi. Ga shi can, shina yi ma gadi."

Ashe tsokana ce. Duk jikan da ya tasa sai ya wuce tsohon tsawo, shi ya sa suka laƙaba masa Dogo, shi kuma yana kiran matan cikinsu amarensa. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban san yadda na isa gaban turmin nan ba, ina jin da rarrafe ne.

Tsoho ko kallona bai yi ba. "A'a, koma. Wanda kad durƙusa ma, shi ba ka mata."

Baƙon Aliero ya ce, "Ni kam ɗiyana duk maza na."

Aka sake fashewa da dariya, ban da ni. Ina son Saratu da gaske, ga shi ina gani da idona ana shirin kawo min nawa ruwan in kama hanya. Na ce, "Baba, tuba nake."

Ya ɗauki tabarau ɗina ya saka, ya ƙare min kallo ta ciki. "Baba kuma? Ɗazu ba Dogo kac ce kana nema ba? Duk wanda yak kira ni Dogo jika na, jika kuwa ba a korar shi. Tahi da amaryar, dama ta ishe ni. Tabarau kam ladan gadi na."

An yi aure, har da 'ya'ya. Amma duk ranar da na sauka Danwarai, tun daga nesa tsohon nan zai miƙe tsaye ya ƙame yana cewa, "Ku ba da hanya, ga ubangidana ya zaka, a kawo babur!"

Don haka, ɗan'uwa, in za ka gidan surukai ka tambayi dalilin kowane suna. In kuma an ce maka Dogo, fara duba ƙasa tukuna.