Nomau a Gidan Kallon Sallau

A ƙauyen Tsamiyar Dogo an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne, ga fara'a, ga biyayya, sai dai yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Gida ɗaya suke da mahaifiyarsa, Inna Tabawa, da wansa Sallau, wanda ya kafa rumfar kwano a ƙofar gida, ya sa talabijin da sola, ya mai da ita gidan kallo. Da wannan rumfa ake ci da gidan. Nomau ne mai shara, shi ke jera benci, shi ke tsaron ƙofa.

Finafinai masu dogon zango ake nunawa, waɗanda aka fassara da Hausa, kuma su suka raba garin uku. Barau mahauci da mutanensa na Caina suke so, don a nan ake ganin sarauta da takobi da mazaje masu tashi sama. Ɗanjummai mai shayi ya ce wannan duk hayaniya ce, na Koriya ne ke taɓa zuciya. Ilu tela kuwa na Japan ya riƙe, ya ce su ba sa jan rai, labarinsu gajere ne amma da ma'ana. Shi Nomau duk wanda aka sa kallonsa yake yi, baki buɗe.

Wata rana Sallau zai leƙa kasuwa, ya kunna fim ɗin Caina, ya ce wa ƙaninsa, "Ka sa ido a kan talabijin ɗin nan har in dawo." Nomau ya ce to. Ya taka har gaban akwatin, ya sunkuya, ya manna idonsa na dama a jikin gilashi. Ranar kuwa ake gwabza yaƙin da su Barau suka daɗe suna jira, ga shi ba abin da suke gani sai faffaɗan bayan Nomau. Aka roƙe shi, aka ja shi, ko gezau, ya ce Yaya ne ya sa shi. Da idon ya gaji sai ya canza da na hagu. Haka Barau ya sha yaƙin nan da kunne, yana jin ƙarar takubba yana cizon yatsa. Da Sallau ya dawo, Nomau ya juyo da idanu jajur, ya shaida masa cewa talabijin ko motsi bai yi ba.

Wata rana kuma gardama ta kaure a kan fim ɗin da ya fi. Ilu tela ya ce duk mai hankali in ya auna su ukun zai ga wanda ya fi nauyi, har ya juya ya ce wa Nomau shi ma ya auna ya gani. Kafin a ankara Nomau ya kwashe faya-fayen a buhu, ya nufi teburin Barau, ya sauke nama daga sikeli. Na Caina tuli ne guda, yana ɗora su sikeli ya yi ƙasa. Na Koriya suka zo tsaka-tsaki. Na Japan faifai biyu ne rak, allurar sikelin da ƙyar ta girgiza. Nomau ya tsaya tsakiyar kasuwa ya sanar da sakamako da babbar murya. Barau ya ba shi tsire kyauta, Ilu ya daina amsa gaisuwarsa, Sallau kuwa ya wuni yana goge kitse a jikin faya-faye.

Abin ya dami Nomau, don ba ya son a yi fushi da shi. Wata rana ya je shagon Ilu ya ba shi haƙuri, ya kuma faɗa masa gaskiya cewa shi ba ya gane na Japan. Ilu ya huce, ya ajiye almakashi ya ce, "Ai shi ba a yi masa gaggawa. Ka bi shi a hankali, za ka gane." Ranar nan wani abokin Sallau daga ƙauyen gaba ya zo aron faifan Japan, ya jefa a aljihu, ya hau kekensa. Nomau ya bi bayansa, taku ɗai-ɗai, ba sauri. Da ya isa ya nemi gindin bishiya a ƙofar gidan mutumin ya zauna, bai tashi ba sai da aka gama kallo aka ɗauko faifan za a mayar, sannan ya biyo shi gida. A gida kuwa, da aka neme shi aka rasa, Inna Tabawa ta sha kuka, an duba rijiya, an duba gona. Da aka tambaye shi ko yanzu ya gane fim ɗin, ya ce bai gane ba tukuna, amma ya san inda yake kwana.

Ana nan gardama ta wuce ta baki. Barau ya daina shan shayin Ɗanjummai, Ilu ya ƙi karɓar ɗinkin iyalin Barau. Wata Juma'a a kan wanda za a fara sawa aka ba hammata iska, benci ya karye, wani ya fasa leɓe. Mai unguwa ya zo da kansa, ya tsaya bakin rumfa ransa a ɓace ya ce, "Daga yau kada in sake jin wata murya ta fito daga gidan nan." Sallau ya gane an rufe masa sana'a ke nan.

Washegari Sallau ya tafi neman dattawan da za su raka shi ban haƙuri. Nomau kuwa bai ji an ce a rufe ba, murya ya ji an hana. Bayan la'asar ya yi shara, ya jera benci, ya zare wayar lasifika, ya laluba buhu ya zaro wani faifai da bangonsa ya ɓata ya sa. Ya tsaya a ƙofa, duk wanda ya zo sai ya ɗora yatsa a leɓe ya nuna masa wurin zama. Ganin girman jikinsa, ba wanda ya musa. Inda ya nuna maka nan za ka zauna, shi ya sa Barau ya tsinci kansa tsakanin Ilu da Ɗanjummai.

Fim ɗin na wani tsoho ne da matarsa ta fara mantuwa, har shi ma ba ta gane shi. Kullum sai ya dafa mata abinci, ya zauna gabanta, ya sake nuna mata ko shi wane ne. Ba takobi, ba kiɗa, ba mai fassara da zai faɗi ƙasar da aka yi shi. Rumfa ta yi tsit. Can Barau ya sa hannun riga ya share ido, Ɗanjummai ya miƙa masa hankici bai ko dube shi ba.

A haka Sallau ya iso tare da mai unguwa, wanda aka kai wa labarin an buɗe gidan. Mai unguwa ya zo da niyyar sa kwaɗo, sai ya tarar da rumfa maƙil, ba ka jin komai sai jan hanci. Sannan ya tambaya a hankali, wannan na wace ƙasa ne. Barau ya ce na Caina. Ɗanjummai ya ce na Koriya. Ilu ya ce ko shakka babu na Japan ne. Aka juya ga Nomau, ya yafito mai unguwa suka fita waje, don a ciki an hana murya, ya ce wallahi shi ma bai sani ba.

Mai unguwa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce ya janye maganarsa, gida ya ci gaba, a mayar da lasifika a ji ko na wane ne. Sallau ya durƙusa ya yi godiya, ya ɗauko waya zai haɗa. Barau ya riƙe masa hannu, ya dubi Ilu, ya dubi Ɗanjummai, dukansu idanu sharkaf.

"Bar shi haka, Sallau," in ji shi. "Matsa, ka tare mana."