Ranar Da Kwamfutar Aaron Ta Daina Sanin Manya

Jama'a, ranar Talatar makon jiya a gefen shagon Aaron mai buga takardu a Mubi na yi azahar, a nan kuma na yi la'asar. Ba ƙaura na yi ba. Kwamfutarsa ce ta manta waye babba waye ƙarami a ƙasar nan. Ku yi dariya in kun ga dama, ni dai a lokacin kuka ne kawai ban yi ba.

Ga yadda abin yake. Famfon burtsatse ɗaya tilo na unguwarmu a Muchalla ya yi wata biyar bai ɗiga ba. Kullum matanmu sai sun gangara mayo, wato rafi, da jarkoki, su tona yashi, su dawo da ruwa mai kalar kunun tsamiya. Kwamitin unguwa, wanda tsautsayi ya sa nake sakatarensa, ya yanke a yi taron neman agaji ranar Asabar, a gayyato manyanmu uku: Mai Girma Sarkin Aza Harsashi, da Mai Girma Garkuwan Kujerar Gaba, da uban tafiyar, Mai Girma Alhaji Za-A-Duba. Kowannensu ya aiko cewa zai zo, mu ɗauka famfo an gyara an gama. Katin gayyata kawai suke jira. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ni aka ɗora a kan acaɓa.

Wanda bai taɓa gayyatar manya ba zai ɗauka buga kati wasa ne. Manyanmu, Allah ya ƙara musu faɗi, ba karanta kati suke yi ba, auna shi suke yi. In sunan wani ya ɗara na mutum da tsawon ƙwayar gero, to ba zai zo ba, direbansa ma ba zai zo ba. Shi ya sa duk yankin nan wurin Aaron ake zuwa. Shekarun baya wani ɗalibi ya haɗa masa wata 'yar manhaja da suke kira Mai Jera Manya. Ka zuba sunaye, ka danna maɓalli ɗaya, ita ta san wanda za ta kumbura da wanda za ta tsuke. Abin burgewar ma, kowane babba katinsa daban take fitar masa, sunansa a sama ɓaro-ɓaro, na sauran a ƙasa sai ka sa tabarau. Shekara shida ana zaman lafiya da wannan dabara, saboda manya ba sa nuna wa juna wasiƙa.

Na iske Aaron ya zabga tagumi.

"Sakatare, ka zo a mugun rana," in ji shi. "Kwamfuta ya kama bairos. Jiya na wanke shi tas, na yi masa fomatin, na zuba sabon komai. Yanzu yana gudu da kyau. Amma Mai Jera Manya ya ƙi tashi."

"Kamar yaya ya ƙi tashi?"

"Duba da idonka."

Ya danna. Wani ɗan akwati ya fito da jan alama da Turanci mai ɗaci, wai akwai wani abu da take buƙata ba ta same shi ba. Ya sake dannawa, firinta ta yi kaki ta tofo kati. Na duba. Duk sunaye girmansu ɗaya! Mai Girma Alhaji Za-A-Duba kai ɗaya da Ya'akubu makanikin famfo, wanda na sa a can ƙasa don kawai a cika layi. Garin neman gira an rasa ido.

Muka shiga neman magani. Aaron ya kashe ya kunna sau huɗu. Ya cire manhajar ya sake zuba ta daga filas, ta sake fito da jan akwatinta. Ya ce wataƙila kwanan wata ne ya rikice, muka duba muka ga lallai kwamfuta tana zaune a shekarar da ko auren fari ban yi ba. Aka gyara, ba ta canza zani ba. Ya ce to salon harafin da take amfani da shi ne ya tafi da wanka, sai an sauko da shi daga intanet. Ni na riƙe wayarsa a bakin ƙofa, hannu sama, don a nan kaɗai sabis yake sauka. Abu ya kai casa'in da tara cikin ɗari, sai aka ɗauke wuta.

Kun san sauran. Na ɗauki galan na nufi gidan mai, na tarar da layi har ya sha kwana ya haɗu da wutsiyarsa. Man nan dai da aka sha yi mana alkawarin zai wadata har mu riƙa wanke hannu da shi. Na yi wa masu alkawarin addu'ar da ta dace da su, na sayi lita biyu wurin 'yan bumburutu na dawo. Janareta ya tashi, harafi ya sauka, jan akwati kuma yana nan daram. Muka kira lambar ɗalibin da ya haɗa manhajar, wata mata ta ɗauka ta ce ita ƙosai take sayarwa.

Nan haƙurina ya ƙare. "Aaron, don Allah, ba da hannu ake ƙara girman rubutu ba? Ja sunan Alhaji ka kumbura shi mu tashi!"

Ya janye hannunsa daga kan tebur kamar ya taɓa garwashi.

"Sakatare, ni ina da yara biyar. Lissafin girman harafi, wane ne talatin da shida, wane ne ashirin da takwas, duk a cikin manhaja yake, ya tafi da fomatin. In inji ya yi kuskure, laifin inji ne. In hannuna ya yi, gobe za a zo a ce shagona ya shiga hanya."

Ban iya yi masa musu ba. Ni ma da ya miƙo mini linzamin kwamfutar, hannuna a aljihu na bar shi.

Ana haka waya ta shigo. Dada Hamsatu ce, shugabar matan unguwa, tsohuwar da ko mai unguwa sai ya gyara hula kafin ya gaishe ta. Na yi mata bayani da ladabi, tun daga bairos har jan akwati.

"Mansir," ta ce, "sunan kowa ya fito?"

"Ya fito, Dada, amma..."

"Buga shi haka ka dawo. Mu ruwa muke nema. Kana can kana shan fanka, bayanmu na nan yana karyewa."

Aka buga, na raba ranar Laraba. Ranar Alhamis sai ga yaron Garkuwan Kujerar Gaba, wani ƙato mai furfura a gemu, ya zo da rula a aljihun gaba. Ya shimfiɗa kati a kan sirdin babur ya auna a gabana.

"Wa ya ba ku izinin daidaita Mai Girma da makanike?"

"Ranka ya daɗe, inji ne."

"To ku gayyaci injin."

Sauran biyun ko aike ba su yi ba. Kuma ni na yaba musu, don babba na gaske ba ya ɓata yawunsa a kan ƙananan haruffa.

Asabar ta zo. Mun kafa rumfa, mun jera kujerun laushi uku, mun ɗaure ragon da unguwa ta haɗa don yi wa manya godiya. Har rana ta karkata ba jiniya ba ƙura. Ni kam na so ƙasa ta tsage in shige, domin kowa ya san ni na kai katin. Ya'akubu kaɗai ne ya zo da babbar riga, tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin sunansa ya kai haka ba. Da mai gabatarwa ya rasa wanda zai kira, sai ya miƙa masa lasifika.

"Ni ban iya jawabi ba," in ji Ya'akubu. "Roba ne ya cinye a ƙasa, da rodi guda ɗaya. Akwai su a Mubi. In an saya, aikin rabin yini ne."

Wata biyar muna rubuta wasiƙu, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Dada Hamsatu ta miƙe, ta kwance igiyar ragon, ta damƙa wa mahaucin unguwa da ke zaune a baya. Ta ce, "Saya. Yau ɗin nan."

Da kuɗin ragon aka sayo roba da rodi, ranar Litinin da hantsi famfo ya yi tari sau biyu ya kawo ruwa. Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa na sha moɗa biyu, ɗaya don ƙishi, ɗaya don kunya. Wallahi kunyar ta fi ƙishin yawa.

Jiya Aaron ya bugo mini cike da murna, wai ya gano abin da ya ɓace a wani tsohon filas, Mai Jera Manya ta tashi, ta koma kumbura mutane yadda ta saba. Na ce masa ya rufa mana asiri ya yi shiru tukuna. Akwai kwalbatin hanyar makaranta da ruwa ya cinye, kuma damina ta kusa.