Miyar Kuka a Lagireton Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta bazarar bara waccan ba, kuma ko na so in manta, mutanen Maiyama ba za su bar ni ba. Ni malamin lissafi ne a wata makaranta a Jega, kuma kafin shekarar nan iyakar sanina da mota shi ne inda ake zuba mata mai. Sai dai ina da wata cuta tun ina ƙarami: in na tsaya minti goma ina kallon mutum yana aikin hannu, sai zuciyata ta raya mini ni ma na iya, wataƙila ma na fi shi.

Surukina, mahaifin matata Balkisu, wanda kowa a Aliero ke kira Baba Alhaji, yana da wata tsohuwar jif ruwan ƙasa, irin wadda ke shiga taɓon fadama ta fito abinta. Da ita ya yi ta kwaso albasa daga gonaki tun ba a haifi matata ba. Da idonsa ya yi rauni ya daina tuƙi, sai ta zauna a gindin dogon yaro a ƙofar gida, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. 'Ya'yansa suka matsa a kira 'yan gwangwan su yanka ta. Tsoho ya ƙi, su ma suka ƙi, har aka tsaya a kan magana ɗaya. Za a ɗaura auren jikar Alhaji Garba a Maiyama, mutumin da ya yi wa Baba karen mota shekara da shekaru har suka zama aminai. In jif ta kai Baba wurin ɗaurin auren nan da ƙafarta, ta tsira. In ba ta kai ba, a kira masu guduma.

Ina durƙushe a gefe na ji bakina ya ce a bar mini ita, zan kai ta wurin bakanike a Jega. (Har yau ban san wanda ya aike ni ba.) Wata motar albasa ta jawo mini ita har ƙofar gidana a Sabon Gari.

Ban kai ta wurin kowa ba. Ranar farko da na dawo daga makaranta na shiga na zauna a kujerar direba, don kawai in ji yadda take. Warin tsohuwar albasa da ƙura ya kama kujerun, sitiyarin ya yi santsi daidai inda hannun Baba ya saba kamawa. Na lumshe ido. Sai ga ni a fadamar Kimba da sassafe, kan albasar iri ya yi fari fat hagu da dama, balbelu na tashi a gabana, manoma na ɗaga mini hannu suna tambayar juna wane ne wannan da ya ta da motar Alhaji. Na ga Baba yana gaya wa mutane a masallaci cewa mijin 'yarsa ne ya gyara ta da hannunsa. Wannan mafarkin ne ya hana ni zuwa gareji, kuma kusan kullum sai na shiga na yi shi, har Balkisu ta fara aiko mini da abinci cikin mota.

Ciwon motar biyu ne: tana zubar da baƙin mai, tana kuma zubar da ruwa. Na fara da mai. Na kalli wani Bature mai gemu a waya yana canza sil, wato zoben robar nan da ke tare mai a gaban inji, har na haddace lokacin da yake share gumi. Shi a minti ashirin ya gama, ni sai da na yi mako biyu. Notin da ya kwance da hannu ɗaya, ni sai da na zura wa sifana dogon bututu na hau kai na yi lilo. Na saɓule fatar yatsu uku. Amma na ciro tsohon sil ɗin da ya bushe ya tsattsage, na shafa wa sabo mai, na buga shi a hankali da guntun katako har ya zauna daidai. Na canza gaskit ɗin murfin inji, na sa sabon fambel da sabbin tiyo. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, washegari na tarar da shi a bushe, ko ɗigo babu. Na ɗauki kwalin nan na shiga da shi cikin gida ina nuna wa Balkisu kamar takardar kammala karatu. Ta ce ma sha Allah, in fitar mata da shi daga ɗaki.

Saura kwana biyu ɗaurin aure na ga lagireto na ɗiga ta wani gefe, ɗis, ɗis. Akwai mai liƙe lagireto da dalma a unguwar Firchin, aikin da ba zai ci masa awa guda ba. Amma in na je wurinsa, ai an sa wa aikina hannu ke nan, ni kuwa so nake in ce ni kaɗai na yi. Sai na kai kukana majalisarmu bayan la'asar. Ilu mahauci ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, in ya ji zafi zai dahu ya toshe ramin. Wani ɗan kasuwar albasa ya ce ƙarya ne, dakakken barkono ake sawa. Ɗan'asabe direba, wanda ya fi su sanin hanya, ya ce su a daji garin kuka suke barbaɗawa, ɗan kaɗan, yauƙinsa ya liƙe wurin har a iso gari.

Mai hankali ɗaya zai zaɓa. Ni malamin lissafi ne, sai na ga in kowanne yana da nasa amfanin, haɗa ukun ya fi. Batun “ɗan kaɗan” kuma, na ce wannan ba ma'auni ba ne, kuma Ɗan'asabe ƙaramar mota yake ja. Na faki idon Balkisu na kwashe rabin gwangwanin kukarta, na haɗa da ƙwai biyu da barkono cikin tafin hannu, na zuba, na ta da inji. Wallahi ɗigar ta tsaya. Da Balkisu ke cigiyar kukarta, sai na duƙufa kan gyaran takardun jarrabawa.

Ranar Asabar da hantsi na isa Aliero cikin farar shadda. Aka riƙo hannun Baba ya fito. Ya fara zagaya motar yana shafa jikinta, yana tsayawa a kowace loɓawa, don kowace ya san inda aka same ta. Sannan ya sa mini albarka ya shiga gaba. Nasiru, ƙanin matata kuma shugaban masu son a sayar, ya ce zai biyo mu a baya a babur don ya zama shaida.

A nan sai na yi wa wanda ba ɗan gida ba bayani. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yar Baba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ballantana in katse shi yana magana. Ranar nan ce ta farko da muka zauna kafaɗa da kafaɗa.

Tafiyar ta fara da daɗi. Buhunan albasa jajaye jere a bakin titi, iska mai ɗumi na shigowa ta taga, injin na gurnani a natse. Baba ya rufe ido yana kiran sunan kowane ƙauye kafin mu iso shi, yana faɗin inda a da babu kwalta, da inda suka taɓa kafewa shi da Garba har sai da shanu suka jawo su. Na ji kamar ba ni ke tuƙin ba, motar ce ke bin hanyar da ta sani.

Muna haye gadar Jega na ga allurar zafi ta ɗan ɗaga. Can kuma wani ƙamshi ya fara shigowa, ƙamshin da na sani sarai, sai dai ban saba jin sa a mota ba. Daidai lokacin Baba ya gyara zama ya fara labarin marigayiya Hajiya, mahaifiyar Balkisu. Ya ce ita ce ta fara shiga motar nan ranar da ya sayo ta. Ta riƙe ƙofa da hannu biyu don tsoro, amma da suka zo gulbi ta ce ya tsaya ta kalli ruwa, suka tsaya har rana ta yi sanyi. Muryarsa ta yi laushi, ni ma idona ya ciko. Ina ganin gulbin da yake faɗa, ina kuma ganin allura tana hawa. Sau biyu na buɗe baki in ce Baba bari mu ɗan tsaya, abin da ya fito shi ne “Allah sarki.” Shi kuwa da labari ɗaya ya ƙare sai ya ɗauko wani, ko numfashi ba ya bari a tsakani. Allura ta shiga ja, ta zauna. Na yi ta salati a zuci ina ƙirga bishiyoyi.

Muka shiga Maiyama motar na huci. Na karya kwana zuwa ƙofar gidan Alhaji Garba, ga jama'a cike a kan tabarmi, liman ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Ina taka birki tiyo ya yi bindiga. Tururi ya turnuƙe, ni kuma maimakon in zauna, sai na yi tsalle na fita na ɗaga bonet. Wani abu kore, mai kauri, mai yauƙi, ya yi ta ambaliya yana tafarfasa, ya fantsama mini a gaban riga, ya gangara ƙasa yana bin hanyar tabarmi da guntayen dafaffen ƙwai a ciki. Barkono ya bi iska, sahun gaba ya kama atishawa. Duk wanda ya taɓa cin tuwo a wurin ya gane abin da ke malala.

Alhaji Garba ne ya fara magana, yana share hawaye da hannun riga: “Alhaji, tare da miya kunka taho? Sai a ce ma mata su kawo tuwo.”

Dariyar da aka yi, har liman sai da ya sauke hannu. Baba ya sauko a hankali, ya juyo inda yake jin numfashina. Na durƙusa cikin miyata.

“Malam, mi anka sa mata?”

“Garin kuka, Baba.”

“Da mi?”

“Da barkono. Da ƙwai biyu.”

“Wane bakanike yay yi wanga aiki?”

“Ni niy yi, Baba.”

Nasiru ya jingina da babur yana riƙe ciki. Wani tsoho a baya ya ce saura daddawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Haka na zauna aka ɗaura aure, ƙudaje na bin rigata, maƙwabcina a tabarma na matsawa kaɗan kaɗan. Abin da ya fi kunyar ci mini rai shi ne tunanin masu guduma, da cewa ni na kai musu ita da hannuna.

Da aka watse injin ya huce, Baba ya ce Garba ya kai shi wurin motar. Ya duƙa ya zura hannu ƙarƙashin inji ya shafa, ya ji a bushe. Ya zaro sandar gwada mai ya murza tsakanin yatsu, ya ce ruwa bai shiga ba. Aka ɗaure tiyo, aka zuba ruwan rijiya, ya ce in murza makulli. Ta tashi. Ya saurara jim kaɗan, ya ce wanda ya sa sil ɗin nan ya iya, sannan ya kira Nasiru ya tambaye shi sunan garin da suke tsaye a ciki. Nasiru ya ce Maiyama. Baba ya ce to magana ta ƙare, ba mai taɓa ta.

Aka nemo mai gyaran lagireto, ya yi ta ɗauraye shi yana tsaki. Muka zauna a benci ni da Baba, mu kaɗai, kaina a ƙasa. Can ya yi gyaran murya.

“Tun gadar Jega nij ji ƙamshin,” ya ce. “Shekara nawa ina jan ta, in kasa sanin ta yi zahi? Na so in ce ka tsaya, sai nij ji nauyi. In ce ma mijin ɗiyata aikin da yay yi bai yi ba? Shi yas sa nit tsiri labari, kada ka gane na gane.”

Ya juya fuska wajen motar.

“Na gulbin dai gaskiya na. Ban taɓa ba kowa shi ba.”

Na ce Allah ya jiƙan Hajiya, ya ce amin.

Jif tana nan, ni ke jan ta, duk Juma'a nake kai Baba gona. A Maiyama kuwa Malam Mai Miya suke ce mini, har yaran da ba su san dalili ba. Na koyi cewa kayan miya na madafa ne, dalma ta mai dalma ce. Na kuma koyi cewa mutum biyu masu jin kunyar juna na iya dafa inji suna zaune a kai suna hira. Yanzu in allura ta motsa, ba na katse Baba, sai dai in gangara gefen titi in kashe mota ya ƙarasa labarinsa a inuwa.