Ranar da Na Koya wa Injina Shan Ruwa

Injin motata ya sha ruwa ya mutu ranar Talata, kuma da hannuna na kai masa kofin.

Jama'a, ni rabon burodi nake yi a shaguna. Motar ta girmi 'yata ta fari, da rana ta take sai ta koma tsohon jaki, ka taka totur ta amsa da nishi. Ga layin mai. Masu girma sun rantse mana an gama layi har abada, kuma gaskiyarsu, yanzu ba layi ba ne, unguwa ce. Har surukai an ƙulla a ciki.

Mai gidan burodi ya kira ni gefe ya ce, "Malam, burodin safe nake gasawa, kai kuma na azahar kake kaiwa. Ka sake makara sau ɗaya, in ba wa wani hanyar rabon."

Na kai kukana wurin maƙwabcina mai gyaran famfo, wanda muke kira Injiniya don bai taɓa hana mu ba. Ya nuna min wani bidiyo a waya. Wai inji ya fi son iska mai sanyi, da ita mai ya fi ci da kyau, ƙarfi ya ƙaru. Tawa kuwa matatar iskarta na cikin bonet, tana shaƙar hucin inji kamar mai sirace.

Na ce, "To ina za mu samo sanyin?"

Ya ce, "Mu ja mata fayif zuwa ƙasa, bayan bamba. Shekara ashirin ina shimfiɗa fayif, ban taɓa ganin wanda ya kalli sama ya yi albarka ba."

Muna cikin ɗaurawa uwargida ta leƙo. "Baban yara, wannan ba fayif ɗin banɗakinmu ba ne?"

"Ragowarsa ce."

"To Allah ya sa motar ta san bambanci."

Na ce mata harkar inji ba ta mata ba ce. Ku rubuta wannan a cikin laifuffukana.

Kwana uku mota na ruri kamar zaki. Ko ƙarfi ne ya ƙaru ko ƙara, ban sani ba, amma har giya ta huɗu na gani, wadda na ɗauka ta rasu.

Ranar Talata da asuba aka tafka ruwa. A mararrabarmu akwai magudanar da Mai Girma Uban Alkawari ya buɗe sau uku. Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, duk zuwa sai ya yanke ƙyalle. Allon aikin na nan, fenti sabo fil, ramin ne dai aka manta a gaya masa inda zai kai ruwan. Saboda haka ruwan ya zauna a titi yana jiran umarni.

Bai kai gwiwa ba. Na sha ratsa wanda ya fi shi. Na tuna maganar mai burodi, na manta da fayif, na danna kai. Fayif kuwa ya yi abin da aka haife shi ya yi. Kwaf! Shiru.

Da aka tura ta gareji, makanike ya kwance fulogi, ya murza makulli, ruwa ya yi tsartuwa har gemunsa. Ya ce, "Iska tana matsuwa, Malam, ruwa ba ya matsuwa. Sandar fistin ta lanƙwashe. Wa ya yi maka wannan aiki?"

"Injiniya."

"Na mota?"

"Na famfo."

"To ka gaishe shi. Ko ɗigo bai yi yoyo ba."

Garin neman gira ke nan. Na so in ɗora laifin kaf a kan masu girma, sai na ga ba su suka riƙe sifana ba. Su rami kawai suka bari, ni na kawo baki.

Injiniya dai kasuwarsa ta buɗe, gidajen layinmu duk sun cika da ruwa. Mai Girma ya zo jaje a doguwar jif, ko tayarta ba ta jiƙe sosai ba. Hanyar burodi kuwa an ba ƙanin matata mai keke mai ƙafa uku, wanda ni na koya wa tuƙi. Yanzu ni nake masa lodi, yana zaune yana danna hon: "Yaya, ɗan ɗaga ƙafa mana, za ka makarar da ni."