Durƙuson da Ya Ƙi Ƙarewa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa saboda kunya, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Hadiza a Panshekara ba.

Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Sharada. Aka zo aka yi mana allurar riga-kafin sanƙarau. Kowa ya ci gaba da harkarsa, ni kuwa bayan 'yan kwanaki gwiwoyina suka kumbura, suka ɗau zafi. Malamin asibitin kamfani ya ce yakan faru ga wasu, zai wuce, in huta. In huta, alhali ranar Juma'a aka sa in je gaisuwar iyaye? Na shiga saƙe-saƙe (ni ne mai kulle ƙofa ya dawo ya taɓa kwaɗon). In na ɗaga ranar, a ce ba da gaske nake son yarinyar ba. In na faɗi gaskiya, a ce saurayin mai ciwon sanyi ne, a hana ni. Na zura wando mai faɗi, na ja abokina Sabo muka tafi.

A zaure na cije na durƙusa gaban Malam, mahaifin Hadiza. Aka gaisa, ya sa albarka, ya ce mu gaida gida. Sabo ya miƙe. Na yunƙura, gwiwa ta ce ba da ita ba. Sai na ɗauko sabuwar gaisuwa.

"Ina gajiya, Malam?"

"Ai mun gaisa, ɗana."

"Yaya gona? Yaya awaki?"

"Ba mu da awaki."

Sabo ya sunkuyo ya raɗa mini, "Kai, a nan za ka tare?"

Malam ya ce, "Tashi mana, ladabin ya isa haka."

Gumi na karyo mini na ce, "Wallahi Malam, ba ladabi ba ne, allura ce."

Ya yi dariya har da tari. Shi da Sabo suka kama hammatana suka ɗaga ni, ina jiyo mata suna ƙyalƙyatawa a bayan katanga. Da sandar Malam na dogara har bakin titi.

Kumburin ya saɓe ba da jimawa ba, aka ba ni Hadiza, yau har da jikoki. Amma har yanzu in na shiga gidan, sai wani ya ce, "A kawo kujera, mai awaki ya zo!" Tun daga ranar, kafin in durƙusa sai na tabbatar zan iya tashi.

Abin da ya rage mini: allura a dantse aka yi ta, me ya kai ta gwiwa? Don Allah mai karatun da ya sani ya sanar da ni, ko na daina lallatsa gwiwoyin jikokina duk ranar da muka dawo daga riga-kafi.