Ƙarfen Takalmin Bature

Ni fa na shekara goma sha biyar ina safarar takalma daga kasuwar Murshid Bazaar da ke ƙasar Larabawa zuwa Kano. Shi ya sa da Musa, maƙwabcina a can unguwar Al Ras, ya kawo mini wani ɗan ƙarfe mai tsatsa, ban tsaya wata-wata ba. Duk Juma'a yakan fita sahara da na'urar gano ƙarfe, a can ya tono shi.

Na jujjuya shi, har da shinshinawa.

"Malam Musa, ka tono tarihi! Maɗaurin takalmin Bature ne, tun zamanin mulkin mallaka. Da na gwiwar wando ne, da bai kai haka girma ba."

Musa ya yi kabbara. Kafin ka ce kwabo 'yan kasuwa sun cika shagona, ina ta zuba lacca.

Sai Hajiya Binta mai jakunkuna ta kalli ƙasa.

"Alhaji, ɗan ɗago ƙafarka."

Irin ƙarfen takalmin ƙafata ne sak! Ina da irinsa kwali arba'in a sito.

Har yau in na cire takalmi a ƙofar masallaci, sai wani ya ce, "Jama'a a yi hattara, kar a taka kayan tarihi!"