Amshin da Aka Goge daga Waƙar Tela

"Lafiya lau na kwana, sai dai takaicin miji marar amfani. Yau kwana tara ban ga ƙeyarka ba."

"Ina kwana kawai na ce, Gidan Rediyo. Gaisuwar ma sai kin haɗa da labaran duniya?"

"Zare wannan abin daga kunnenka tukuna, Kunnen Roba. Ba na magana da mutumin da ya toshe ƙofa ya bar ni a waje."

Haka suke, kaka da jikanta, tun yana rarrafe. Ita ce ta laƙaba masa Kunnen Roba, saboda ba a raba kunnuwansa da abin sauraron waƙa. Shi kuma ya rama da Gidan Rediyo, don a cewarsa ba a taɓa ɗauke mata wuta ba. Saurayi ne mai gyaran waya a bakin kasuwa, in ya tashi daga aiki sai ya duƙufa haɗa kiɗa da wata manhaja da ke cikin wayarsa. Da hantsin nan ya same ta a ɗakin da ke bakin ƙofar gida, inda marigayi mijinta, tela, ya shekara arba'in yana ɗinki. Keken ɗinkinsa na nan a lulluɓe da tsohon zane, almakashi na rataye a ƙusa. Wata takwas ke nan da rasuwar, ita kuwa kullum sai ta share ɗakin kamar gobe za a buɗe shago.

Aike ɗaya ta yi masa. Kafin tsohon ya kwanta ciwo, yaron ya taɓa ɗaukar muryarsa yana waƙa a kan keke, minti uku da 'yan kai. Duk dangi ba mai wata muryar tasa sai wannan. Wannan muryar ce ta ce ya kawo mata.

"Ina saƙona?" in ji ta.

"Ki bari in zauna mana. Wace irin amarya ce ba ta ba ango ko ruwa?"

"Angon da ya zo hannu na dukan cinya? Ga randa can, ƙafarka ba ta karye ba."

"Wa ya ce hannu na dukan cinya? Yau sai kin yi min guɗa. Kwana tara na yi ina yi wa kishiyana kwalliya. Manhajar nan an sabunta ta, Kaka. Yanzu ko jaki ya yi kuka a ciki, sai ta mai da shi zabiya."

"To ai kai ka ci riba. Wa kake kira jaki?"

"Ni ban ambaci sunan kowa ba."

"Kunna min, ɗan nema."

Ya ajiye wayar a kan teburin yanka, ya jona ta da wata 'yar lasifika, ya danna. Sai ganga ta fara, jita ta biyo baya, sannan murya ta shigo sumul kamar an goge ta da dutsen guga: "Zare bi allura, allura bi ni, ni kuma in bi rabona." Yaron na kaɗa kai yana satar kallonta. Ita kuwa ta karkata kai gefe, irin na wadda baƙo ya yi wa sallama ta kasa tuna inda ta san shi.

"Wane ne wannan?"

"Kamar yaya wane ne? Mijinki ne, wanda ya riga ni."

"Ƙarya kake. Yaushe ya samu makaɗa? Mutumin da ko tafi bai iya yi daidai ba?"

"Ni na saka masa. Kowane kiɗa da layinsa, in kin ga dama sai a kashe."

"Kashe su duka. Sallami 'yan gangar nan su tafi gidan ubansu."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kashe, har ya rage murya ita kaɗai. Ta saurara har ƙarshe.

"Ina keken?" ta tambaya.

"Ga shi nan a gabanki, ko idon ma ya bi haƙoran?"

"A cikin waƙar nake nufi, sakarai. Da ƙarar keke yake auna ta. In ƙafarsa ta yi sauri waƙa ta yi sauri, in ya zo kan kwana ya ja ta a hankali. Ina ta tafi?"

"Hayaniya ce ai. Akwai wurin da ake dannawa, sai ta tace duk wata hayaniya ta bar murya zalla. Sabon abu ne, da can babu shi."

"Tarin da yake yi kafin baiti na biyu fa?"

"Wa ke son jin tari a waƙa?"

"Inda muryarsa ke karyewa in ya ce rabona?"

"Na miƙe masa ita. Ai rufin asiri na yi masa."

"Ni fa? Ina ni?"

Ya sosa ƙeya. "Ke ai zagi kike yi, Kaka. Daga tsakar gida kike ɗaga murya, wai ya ishe ku, ya bar mutane su ji da ransu. Na ce kada jikoki su taso su ji irin matar da na aura."

"Da na faɗa, me ya yi?"

"Ya yi dariya."

"Ya ce me?"

"Ya ce, ga mai amshi ta iso."

"To ina dariyar?"

"Ta hau kan muryarki ne. Da aka cire ki, sai ta bi ki."

Tsohuwar ta gyara zama a kan benci. "Shi ke nan, na ga gwanintarka. Kai wannan gidan biki su yi rawa. Ni ba ni tawa ta asali, mai tari da zagi."

Nan fa Kunnen Roba ya kawar da kai. Ya ɗauki wayar ya ajiye, ya sake ɗauka. Gaskiyar magana, ba kwalliya ce ta cinye masa kwana tara ba. Kwana biyu ya yi yana kwalliya, bakwai ɗin duk neman abin da ya ɓatar ne.

"Kaka."

"Yau kuma ni ce Kaka da ladabi? Ruwa ba ya tsami banza. Faɗi."

"Da na gama tacewa, sai ta tambaye ni ko in ajiye tsohuwar ko in maye gurbinta da sabuwa. Wayar ta cika. Na ga sabuwar ta fi kyau."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai na danna."

"Kai da kake gyara wa mutane waya? Ba kai ka dawo wa maƙwabciyarmu da hotunan 'yarta ba?"

"Na gwada duk abin da na sani. Na kai wa wanda ya koya min aikin ma. Ba ta nan, Kaka. Ta tafi."

Ta daɗe tana kallon zanen da ke kan keken. 

"Garin neman gira ka rasa ido," ta ce daga baya, a hankali. "Wa ya aike ka gyara? Kawo na ce, ban ce wanke ba."

"Na so ki ji shi fes ne."

"Fes ɗin me? Shekara arba'in ina zaune da mutumin nan, ban taɓa jin sa fes ba. Kai ko kishin ne ya motsa, ka ga ya tafi ya bar maka ni, ka ce bari ka bi shi har cikin waya ka raba mu?"

"Wallahi da na san haka ne..."

"Da na sani ƙeya ce. Bar rantsuwa." Ta share ido da gefen mayafi, ta yi kamar ƙura ce. "Ka san abin da ba ka sani ba? Ba ya waƙar nan in ba na gida. 'Yan shago sun faɗa min, in na yi tafiya shiru yake ɗinki kamar kurma. Don ni yake yi, don in fito in yi masa faɗa. Ni kuma ban taɓa ce masa tana da daɗi ba. Ko sau ɗaya. Kullum ina cewa sai wata rana."

Yaron ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago. "Keken nan yana aiki?"

"Ya fi ka aiki."

"Manhajar tana ɗora sabon sauti a kan tsoho. In kin taka keken, na kunna muryarsa, sai mu ɗauka tare. Ba za ta zama waccan ba, ban ce za ta zama ba. Amma in ya zo wurin da kika yi masa faɗan, sai ki yi masa amshinsa."

"Ka kashe maciji ka dawo kana sayar min da fatarsa."

"Ko dai ƙafar ce ba za ta iya ba? Faɗi gaskiya, tsufa ba abin kunya ba ne."

"Ƙafar da ta goya ubanka? Matsa can."

Ta yaye zanen, ta zauna a kujerar da ba wanda ya hau tun wata takwas. Ta juya ƙafar keken da hannu, ta ɗora ƙafafunta a kan feda. Da farko keken ya yi gardama, sannan ya kama. Yaron ya kunna muryar, ya danna ɗauka. Ba wanda ya koya mata, amma inda tsohon ke sauri ta yi sauri, inda yake ja ta ja. Da aka zo wurin, yaron ya ɗaga mata yatsa.

Ta buɗe baki, faɗan ya ƙi fitowa.

"Rera abinka, Malam," ta ce. "Ba wanda ka dama."

Yaron ya dube ta. Ya san in ya bar ta a haka, kuka za ta yi har la'asar.

"Wannan kuma wace ce?" ya ce. "Ai ba zai gane ki ba. Cewa zai yi an sauya masa mata. Ina Gidan Rediyo? Ko batir ya mutu?"

"Kai, ka ishe ni! Ka bar mutane su ji da ransu, ɗan banza mai kunnen roba! Kai da kakanka duk ba ku da aikin yi sai cika wa mutane kunne!"

Dariya ta kuɓuce masa, har da buga cinya. Keken bai tsaya ba, muryar tsohon ta ci gaba har ta kai ƙarshe.

Da ya kunna musu abin da aka ɗauka, ga keke, ga waƙa, ga lallashi, ga zagi, ga dariya a kai. Wurin dariyar ta ɗaga hannu.

"Maimaita nan."

Ya maimaita.

"Ɓarawo," ta ce. "Wannan dariyar ba taka ba ce, ta Malam ce. Har da shan iskar da yake yi a ƙarshe. Yaushe ka sace ta?"

"Gado ne. In tace ta? Hayaniya ce fa."

"Taɓa ta ka ga yadda ake karya yatsa." Ta yi dariya ita ma, hawaye na bin kumatunta. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro makullin ɗakin ta jefa masa a cinya. "Ungo. Kwaso tarkacen kiɗanka ka zo nan ka riƙa damun mutane. Ɗakin ya gaji da shiru. Na yafe maka rabin laifin."

"Rabi kawai? Ɗaya rabin fa, sai na yi me?"

"Wancan ba naka ba ne. Kai sau ɗaya ka danna ka rufe masa baki. Ni shekara arba'in na yi ina cewa ya yi shiru." Ta mayar da ƙafafunta kan feda. "Sake kunna min shi daga farko."